Dogon Gilashin Da Ya Cinye Mana Adashin Wata Shida

Hotuna 412 muka ɗauka a Hawan Daushe na waccan Sallar. Da muka dawo gida bayan isha'i sai muka zuba su a kwamfuta, muka zauna mu uku a kan tabarma muna duba su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda za mu iya nuna wa mutum ba mu ji kunya ba, ba su kai 20 ba. Sauran duk dishi-dishi: doki ya koma kamar hayaƙi, rawanin mahayi ya haɗe da ƙura, fuskar dogari kuwa sai ka rantse ta bayan labule aka ɗauke ta. Babu wanda ya ce uffan. Dogon gilashin da muka saya ana saura kwana biyu Sallah yana ajiye a tsakiyarmu, kowa sai satar kallonsa yake yi.

Mu uku ne, tun daga aji ɗaya na sakandare muke tare a Kano, yanzu kuma muna shekara ta biyu a jami'a. Ɗayanmu Fiziks yake karantawa, ɗaya Tarihi, na ukun kuma Akanta, shi ya sa muka naɗa shi ma'aji. Kyamararmu ɗaya ce tak, Canon 600D, samfurin da ya fito a 2011. Yayan ɗayanmu ne ya bar mana ita da ya sayi sabuwa. Ta zo da gilashinta, wato abin nan mai kama da gwangwani da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda haske ke bi ta cikinsa, masu sana'ar suna ce masa lens. An rubuta 18–55mm a jikinsa. Irinsa ne kamfanoni suka saba haɗawa da kyamarorin masu koyo.

Shekara guda muna aiki da shi lafiya lau. Mun ɗauki bikin suna, mun ɗauki walimar saukar karatu, mun ɗauki 'yan ajinmu ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Abin ya fara lalacewa ne ranar da muka je kallon hawa a Ƙofar Kudu, muka ga masu ɗaukar hoto na jaridu sun jeru da dogayen gilasai kamar taɓarya. Suna tsaye daga nesa, amma suna zuƙo fuskar mahayi har ana ganin zaren rawaninsa. Muka dubi namu, muka ji kamar mun shigo taron manyan motoci da keke. Daga ranar duk hoton da bai yi kyau ba, gilashin muke ɗora wa laifi.

Sai muka kafa adashi a tsakaninmu, kowa naira 5,000 a wata. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akwai wanda ya daina sayen abincin rana a makaranta, akwai wanda ya riƙa takawa a ƙafa daga bakin titi zuwa gida. Bayan wata shida ma'aji ya ƙirga mana naira 90,000. Muka shiga kasuwa, muka tarar da wani tsohon gilashi mai lamba 70–300mm a wani shago. Tsawonsa kawai muka duba. Muka ɗaura shi, muka zuƙo wani allon talla da ke can ƙarshen layi, rubutun ya matso kamar mu taɓa shi. Ba mu haska cikinsa ba, ba mu tambayi ma'anar sauran lambobin ba, ba mu gwada shi da yamma ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa ranar muka fafe namu.

Washegarin hawan aka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Ma'aji ya ce shi tun farko bai yarda ba, a mayar masa da kasonsa. Mai Tarihi ya ce hannun mai Fiziks ne ke rawa. Mai Fiziks ya ce ai an cuce mu ne kawai. Mako biyu kyamarar tana cikin jaka babu wanda ya taɓa ta, gaisuwa ma sai sama-sama. Abin da ya fi damunmu ba kuɗin ba ne. Abota ce ta shekara takwas take neman tsinkewa a kan gwangwanin gilashi.

Mahaifin ma'aji ne ya lura, ya tura mu wurin wani dattijo a unguwarsu da ya shekara fiye da talatin yana ɗaukar hoto, tun zamanin fim da wanke hoto a ɗakin duhu. Muka same shi a shagonsa, muka durƙusa muka gaishe shi, muka miƙa masa gilashin. Ya cire murafensa biyu, ya kunna fitilar wayarsa ta baya, ya ce mu leƙa ta gaba. Muka ga wasu siraran zare farare sun bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo.

"Funfuna ce," in ji shi. "An ajiye shi a wuri mai danshi. Ita ke sa hoto ya yi hazo. Amma samari, kada ku ɗora mata duka laifin. Ko sabo fil kuka saya, da kusan haka za ku dawo."

Muka ce, "Baba, to mene ne laifinmu?"

Ya ce, "Ku fara gaya mini, wane hoto ne kuka so ɗauka da tsohon gilashinku ya gagare ku?"

Muka dubi juna. Mai Tarihi ya ce hawan Sallah. Baba ya yi dariya, ya ce, "Sau nawa ake Sallah a shekara? Sauran kwanakin fa, me kuke ɗauka?" Ba mu da amsa. Sai ya ba mu aiki: mu koma gida mu duba duk hotunan da muka ɗauka a shekarar, mu rubuta lambar da gilashi yake kai a kowane ɗaya, da wurin da aka ɗauke shi, da abin da ya ɓata shi in ya ɓaci. Ya ce kada mu dawo sai da littafi a hannu.

Kafin mu faɗa muku abin da muka gano, bari mu yi muku bayanin lambobin nan, domin da mun san su da adashinmu bai salwanta ba. Waɗanda suka kai darasin haske a Fiziks za su ga ashe abin da malam ke zanawa a allo ne.

Lamba ta farko ita ce mai milimita. Ita ke nuna faɗin abin da kyamara za ta gani. Ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso wuri mai faɗi, ɗaki guda da mutanen cikinsa. Babbar lamba kamar 300 tana yanko ɗan wuri kaɗan daga nesa ta cika hoto da shi. Sai dai yadda take ƙara girman doki, haka take ƙara girman rawar hannunka. Akwai kuma wani abu: allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda ake kira sensa, girmansa ya bambanta. Na manyan kyamarori milimita 36 ne da 24, daidai da girman tsohon fim. Na irin tamu ya fi ƙanƙanta, saboda haka sai ka ninka lambar gilashi sau 1.6 kafin ka san yadda zai gani, a ƙananan kyamarorin Nikon kuma sau 1.5. Wato 300 ɗinmu yana gani ne kamar 480.

Masu ɗaukar hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida. Kyamara tana buɗe ido ta rufe ne cikin ɗan lokaci, kamar ƙiftawa. In da hannu kake riƙe da ita, to ƙiftawar kada ta yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya cikin lambar gilashin na daƙiƙa. A 480 muna buƙatar wajen kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa don maganin rawar hannu kawai. Doki mai sukuwa kuwa yana son kashi ɗaya cikin 1,000. Da muka duba hotunanmu na hawa, yawancinsu a kashi ɗaya cikin 60 ko 80 aka ɗauke su, domin Hawan Daushe da yamma ake yinsa, rana ta yi sanyi, ga ƙurar dawakai ta tare sauran hasken.

Nan ne lamba ta biyu ke shigowa, wadda ake rubutawa da harafin f. Ita ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga. Abin da ke rikita masu koyo shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ake yi: ka raba lambar milimita da lambar f, sai ka samu faɗin ƙofar. Gilashi mai 50mm a f/1.8 ƙofarsa ta kai milimita 28. Namu na asali in ka kai shi 50, iyakarsa f/5.6, wato ƙofa mai milimita 9 kawai. Tunda da'ira ce, bambancin hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Dogon da muka saya shi ma f/5.6 ne a ƙarshensa. Mun sayi nisa, ba mu sayi haske ba.

Aikin da Baba ya ba mu bai yi wuya ba, domin kowane hoto yana ajiye bayaninsa a jikinsa: lambar gilashi, girman ƙofa, saurin ƙiftawa, har da rana da lokaci. In ka buɗe bayanan hoton a kwamfuta ko a waya za ka gani. Dare huɗu muka yi muna ƙirga, kuma a cikin daren nan ne muka koma yin hira kamar da. Hotuna 1,180 muka duba, ban da na hawa. Fiye da 800 na mutane ne, mutum ɗaya ko biyu. Fiye da rabinsu an ɗauke su ne gilashi yana tsakanin 45 da 55. Waɗanda suka ɓaci kuwa, kusan duka a cikin ɗaki ne, ko a zaure, ko bayan magariba. Waɗanda muka rubuta wa "abin ya yi nisa" ba su wuce 30 ba. Ashe matsalarmu duhu ce, mu kuwa muka je muka sayo maganin nisa.

Da muka koma da littafin, Baba ya karanta, ya ce abin da ya dace da mu shi ne gilashi mai lamba ɗaya, wanda ba ya zuƙowa. Irinsa ya fi sauƙin ƙerawa, shi ya sa yake zuwa da babbar ƙofa a kan kuɗi kaɗan. Amma ya hana mu saye nan take. Ya ɗauko salatif ya naɗe zoben tsohon gilashinmu a kan 50, ya ce mu yi mako guda a haka. Mako na biyu kuma mu naɗe shi a kan 24. "In kuna son abu ya matso, ku taka da ƙafarku," in ji shi. Makon farko muka ji daɗin ɗaukar fuska, amma a ƙaramin ɗaki sai da muka manna baya da bango. Mako na biyu ɗaki ya shigo duka, amma in ka matsa kusa da fuskar mutum sai hancinsa ya ƙara girma. Muka sake duba littafi, fuskoki suka fi yawa, muka tsaya a kan 50.

Saura batun dogon. Wani ɗalibi ya nuna yana so, bai kuma san yadda ake dubawa ba, kamar yadda mu ma ba mu sani ba. Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi shawarar mu yi shiru. Ma'aji, wanda ya fi kowa jin zafin asarar, shi ne ya ce bai yarda ba. Muka kunna wa yaron fitila, muka nuna masa zaren, muka gaya masa da rana tsaka kawai zai more shi. Ya saya a naira 55,000. Asararmu 35,000 ke nan, ma'aji ya rubuta ta a littafi da jan biro. Muka ƙara adashin wata uku, muka sayi 50mm f/1.8 na hannu. Wannan karon Baba muka tafi da shi.

Hoton farko da muka ɗauka da shi na kakar mai Tarihi ne. Tsohuwa ce da ba ta cika fitowa tsakar gida ba, ɗakinta kuma taga ɗaya gare shi. Mun sha gwadawa da tsohon gilashi, kyamara na ƙiftawa a kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, ko ta ɗan motsa kai hoto ya tafi. In mun kunna filasha kuma sai fuskarta ta yi fari fat, ta ce mun kashe mata ido. Ranar nan muka zaunar da ita kusa da tagar, muka buɗe ƙofar haske, kyamara ta ƙifta a kusan kashi ɗaya cikin 150. Hoton ya fito da kwallin idonta, da tsagar da ke kumatunta, da carbin da ke hannunta, jeren kwanukan da ke bayanta kuma suka narke suka zama launi kawai. Da muka nuna mata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai 'yan nan, ashe haka na koma kama da innata?" Ta sa aka wanke guda shida, aka rarraba wa 'ya'yanta.

Kada ku ɗauka sabon gilashin ya magance komai. A f/1.8 wurin da ke fitowa tangaran siriri ne ƙwarai, har ido ya fito sarai kunne ya yi dishi-dishi. Mun taɓa ɗaukar 'yan walima sahu biyu, na gaba suka fito, na baya suka ɓace. Sai muka koyi rage ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6 in mutane sun yi yawa. In kuma dangi ne suka cika falo, tsohon 18–55 ɗin da muka raina shi muke mayarwa, domin shi kaɗai ke kwashe kowa. Har yau shi ne ke yin kusan rabin aikinmu.

Ga ƙannenmu da ke tunanin saye wata rana, ga abin da muka biya naira 35,000 muka koya. Da farko ku san bakin kyamararku, domin ba kowane gilashi ke ɗauruwa a kowace kyamara ba. Nikon ta fito da bakinta mai suna F tun 1959, Canon ta fito da EF a 1987, a 2018 kuma dukansu suka fito da sababbin bakuna don kyamarori marasa madubi a ciki, Z na Nikon da RF na Canon. Tsohon gilashi yana hawa sabuwar kyamara in an sa masa mahaɗi, amma sabon ba ya hawa tsohuwa. A Canon ma akwai EF mai jan ɗigo da EF-S mai farar alama. Irin tamu tana karɓar duka biyun, manyan masu cikakkiyar sensa kuwa EF kaɗai suke karɓa. Saboda haka ku tafi kasuwa da kyamarar a hannu.

In na hannu za ku saya, ku haska fitila ta cikinsa. 'Yar ƙura ba ta da illa sosai, amma zaren funfuna ko hazo ko karce mai zurfi a gilashin baya, ku ajiye ku wuce. Ku juya zobban ku ji ko suna tafiya sumul. Ku ɗauki hoto a hasken waje da kuma cikin shago, ku zuƙo shi a allon kyamara ku duba tsakiya da gefuna. Bayan kun saya, ku tuna da yanayinmu. Da damina ku ajiye shi a roba mai marfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu kada ku sauya gilashi a fili cikin ƙura. In ya zama dole, ku kifa bakin kyamarar ƙasa ku yi sauri. Kada ku goge shi da gefen riga, yashin da ke jikinta yana karce shi.

Wanda ba shi da kyamara kuma kada ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana gani ne kamar gilashi mai 24 zuwa 28, kuma a wayoyi da yawa in ka ja allo da yatsu biyu, yanko hoton kawai wayar ke yi ta buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Ku gwada aikin salatif ɗin Baba: mako guda ba zuƙowa, sai takawa. Ku koyi zaunar da mutum kusa da taga. Ku buɗe littafi ku riƙa rubuta abin da ya ɓata kowane hoto. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rayu daga 1930 zuwa 2014, da wata 'yar ƙaramar kyamara Brownie D ya fara a 1950. Daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan ƙasar nan har ya tara hotuna kusan dubu, waɗanda aka baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. 

Yanzu haka mun sake kafa adashi, wata na huɗu ke nan, kuma musu ya sake tashi. Mai Tarihi yana son 55–250mm mai na'urar rage rawar hannu, domin har yanzu hawa na ransa. Mai Fiziks yana son ɗan siririn nan 24mm f/2.8 saboda ɗakunan da 50 ke matse mu. Ma'aji ya ce babu wanda zai ga ko kwabo sai littafi ya yanke hukunci. Ya ja layi a tsakiyar shafi, gefe ɗaya ya rubuta "ya yi nisa", ɗaya gefen "ɗaki ya yi kaɗan", duk hoton da ya gagare mu sai a yi masa ɗigo. Jiya da muka ƙirga, ɗaki yana da 41, nisa yana da 17. Mai Tarihi ya ce mu dai bari Sallah ta zo, sannan a sake ƙirgawa.